Tsawa da Autarsa a Cocin Kan Hanya

Duk wanda ya taɓa shiga cocin Katolika na unguwar ranar Lahadi ya san Tsawa, ko da bai ga fuskarsa ba. Muryarsa ake fara sani. Yana tsaye can a layin baya na ƙungiyar mawaƙa, kafaɗu kamar ƙofar gareji, in ya buɗe baki sai ka ji bencin da kake zaune yana rawa. Yaran coci ne suka laƙaba masa sunan, manya suka karɓe, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. In ma ka kira shi da sunansa na baftisma, sai ya tsaya yana waige-waige ya ga da wa ake.

Magini ne. Rabin gidajen layinsu da hannunsa aka ɗora su, kuma in yana wucewa da baƙo sai ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna 'ya'yansa. Siminti ya cinye masa tafin hannu, yatsunsa sun yi kauri sun ƙage, ko maɓallin riga matarsa ce ke saka masa ranar Lahadi. Ita tela ce, tana da keken ɗinki a ɗakin gaba, mace mai magana ƙasa-ƙasa wadda ta san yadda ake sauke Tsawa daga sama da kalma biyu.

In sanyi ya kankama, aikin gini yakan tsaya, don siminti ba ya kamawa yadda ya kamata a irin wannan yanayi. Abokan aikinsa sai su zauna gida suna jin rediyo. Shi kuwa sai ya fitar da shebur da bokitai daga tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya wanke ta tas, ya mayar da kujerun baya, ya jibga barguna, ya ɗora iyali su kama hanyar zumunci. Yayarsa tana wani gari a kan tsaunuka, dangin matarsa suna can wajen bakin teku, a tsakani kuma akwai 'yan uwa da abokan arziki da ba za a wuce ba a gaisa ba. Doka ɗaya ce a wannan tafiya: duk inda Lahadi ta riske su, sai an nemo coci. Sun yi Misa, wato ibadar 'yan Katolika, a babban coci mai dogayen ginshiƙai, sun yi a ajin makaranta da aka ture tebura gefe, sun taɓa yi a wani ɗaki a saman shagon sayar da taya. Ko ina suka shiga, Tsawa zai nufi shugaban mawaƙa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Baƙo ne, amma akwai murya." Kafin a kai ga waƙa ta biyu duk cocin ya juyo yana neman baƙon.

'Ya'yansu uku. Biyun farko maza ne, sun gaji uban wajen ƙarar magana. Ta ukun mace ce, ta zo bayan an ɗauka an gama, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Ba ta daɗe da fara kiran "Baba" ba zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Ta tashi da ikon Allah, amma kunnenta bai tashi tare da ita ba. Uwar ce ta fara ganewa, ranar da murfin tukunya ya faɗi a bayan yarinyar ba ta ko ƙifta ido ba.

Tsawa bai yarda ba. Ya kai ta asibiti, ya kai ta wani, ya yi azumi, ya kunna kyandir a gaban siffar Uwa Maryamu har mai sharar coci ya fara ajiye masa wuri. In ya dawo daga aiki sai ya ɗora ta a cinya ya kira ta da dukan ƙarfinsa, wai ko wani abu zai buɗe. Yarinyar sai dariya take yi, don iskar bakinsa tana kaɗa mata gashin ido.

Da ta isa shiga makaranta aka sa ta a ta kurame. Uwar ta riƙa bin ta, tana zama a bayan aji da ɗinkinta a cinya, har ta iya maganar hannu. Yayyen ma suka tsinci abin da suka tsinta. Shi kaɗai ya tsaya a kan kalmomi kaɗan: zo, ci, kwanta, bari.

"Baban Auta, ka zauna in koya maka mana," in ji matarsa.

"Da waɗannan yatsun? Ki dube su fa. Waɗannan na bulo ne. Ke dai ki riƙa faɗa mata abin da na ce."

Ba wai ba ya son yarinyar ba ne. Duk unguwar ta san in ya sayo abu ita ake fara ba, kuma ba wanda ya isa ya kalle ta kallon banza. Amma hirarsu kullum sai ta bi ta hannun uwa. A coci kuwa shi yana can wajen mawaƙa, su suna benci na tsakiya, uwar tana yi wa Auta fassara a ɓoye, hannu a kan cinya, don kada mutane su yi ta kallo.

Haka aka yi ta tafiya har Auta ta fara zama budurwa. A sanyin wannan shekarar suna hanyar gidan yayarsa, Lahadi ta same su a wani ƙaramin gari mai masaƙa. Tsawa ya shiga cikin mawaƙa kamar yadda ya saba, ya yi waƙa har shugabansu ya rungume shi a bakin ƙofa. Ya shigo mota yana ta murmushi, yana hura hannu saboda sanyi. Ta madubi ya ga Auta tana yi wa uwarta magana, uwar kuma ta kawar da kai.

"Me ta ce?"

"Ba komai. Ka tayar da mota, sanyi ake."

"Maman Auta, me ta ce?"

Matar ta yi ajiyar zuciya. "Cewa ta yi, in kana buɗe baki haka a coci, jijiyar wuyanka ta tashi, faɗa kake yi wa Allah?"

Ya fashe da dariya har ya bugi sitiyari. "Ki ce mata yabo ne! Yabo nake yi!"

Uwar ta faɗa mata. Auta ta gyaɗa kai, ta ɗan yi tunani, ta sake ɗaga hannu. Wannan karon uwar ba ta jira a tambaye ta ba.

"Ta ce, to ita in ta yi addu'a da hannu, Allah yana ganewa da kansa, ko shi ma kamar Baba ne, sai Mama ta fassara masa?"

Ba da baƙar magana yarinyar ta yi tambayar ba. Tana zaune cikin bargo, ido a kan ubanta, tana jiran amsa tsakani da Allah.  Tsawa ya san amsar sarai, tun yana yaro a ajin katikisma, inda ake koyon addini, ya san ta. Amma ba shi da hanyar da zai miƙa wa 'yarsa ita. Ya tayar da mota. Har suka hau tsaunin suka isa gidan yayarsa bai yi waƙa ko ɗaya ba, shi da yake hana kowa barci a hanya.

Washegari da safe yayarsa ta shigo kicin ta same shi zaune a kan ƙaramar kujera kusa da murhu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, Auta tana tsaye a gabansa tana lanƙwasa masa yatsu.

"Ikon Allah! Kai da Baba ya yi ta fama da kai ka zauna a aji ka ƙi, yau ga ka ɗalibi?"

"Yaya, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Abin bai zo da sauƙi ba. Yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, sanyi kuma ya farfasa su, har sai da gwaggon Auta ta riƙa shafa masa mai kafin a fara darasi. Ranar da ya ga ya iya, ya tara mutanen gidan ya ce zai sa wa Auta albarka da hannunsa. Ya tsaya ya gyara tsayuwa, ya yi alamun a hankali, fuska a ɗaure. Auta ta zube ƙasa don dariya. Uwar ta riƙe ciki.

"Me kuma na ce?"

"Ka ce Allah ya ba ta kaza."

"To, kaza ba albarka ba ce?" in ji shi. Amma ya sake zama a kujerar.

Kafin sanyin ya wuce ya iya amsa tambayar da aka yi masa a mota. A bakin ƙofar gidan yayarsa ya amsa ta, ranar da za su koma, kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera bulo: Allah yana ganewa. Shi ya yi hannun. Baba ne bai iya ba. Auta ta gyara masa kalma ɗaya, sannan ta rungume shi.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a gidan, a hankali. Addu'ar safe da a da shi kaɗai ake ji, yanzu sai an ajiye kofunan shayi don hannu ya samu wuri. Ya koyi "Ubanmu wanda ke cikin Sama", ya koyi gaisuwar Maryamu, kuma a nan ne ya gano wani abu da ya ba shi mamaki. Tun yana ƙarami yake zuba waɗannan addu'o'i a guje, har yana iya yin su yana tunanin yashin da za a kawo gobe. Da hannu ba ya yiwuwa. In zai ce "gafarta", sai ya san abin da yake nufi kafin hannun ya motsa, kuma sai fuskarsa ta nuna, in ba haka ba Auta ta ce masa maganar ba ta da gishiri. Wata Lahadi ya bar layin mawaƙa ya zo ya zauna kusa da ita a bencin tsakiya. Shugaban mawaƙa ya aiko a tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, a ci gaba.

Shekaru suka tafi. 'Ya'yan maza suka yi aure, babban ya koma wani gari mai nisa inda yake aiki a tashar jirgin ƙasa. A farkon wani sanyi ya bugo waya cewa matarsa ta sauka, an samu mace, kuma suna so Auta ta zama uwar baftismarta, mai tsaya mata a gaban coci. Ana gobe za su tashi, Maman Auta ta zame a kan ƙanƙarar da ta kwanta a matakalar ƙofa, ta karye a wuyan hannun dama. Likita ya ɗaure hannun ya rataya mata shi a wuya. Ta ce ko a kan gadon asibiti ne sai ta je ta ga jikarta, suka kama hanya.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Ranar Asabar da yamma dusar ƙanƙara ta rufe hanyar da ta ratsa tsauni, 'yan sanda suka mayar da motoci baya. Suka kwana a wani masauki a garin da ba su san kowa ba. Da gari ya waye Tsawa ya tambayi mai masaukin inda cocin Katolika yake, aka nuna masa: bayan kasuwa, kusa da gidan burodi.

Ƙaramin coci ne, mai murhun ƙarfe a kusurwa, mutane sun cika shi da rigunan sanyi masu ɗigar ruwa. Suka samu wuri a tsakiya. Uwar ta dubi hannunta, ta dubi mijinta.

"Yau kai ne fa."

"Misa gaba ɗaya? Har da wa'azi?"

"Har da sanarwa."

Aka fara. Tsawa ya juya gefe yana fuskantar Auta, ya ɗaga hannu. Shi bai iya yin abu a ɓoye ba. Inda matarsa ke yi a kan cinya, shi a sararin Allah yake yi, gwiwar hannunsa har tana taɓa hular matar da ke gaba. Ba a gama addu'ar neman gafara ba ya ga wani tsoho ya taso daga can bencin ƙarshe, riƙe da hannun wata tsohuwa, sun zo sun tsaya a gefen hanya suna kallon hannunsa. Can sai ga wani saurayi da garin fulawa a gashin girarsa ya zo ya tsaya a bayansu. Sai wata mata ta jawo ɗiyarta.

Fadan cocin, wani siriri mai tabarau, ya gama addu'ar da yake yi ya tsaya. Ya sauko daga bagade, wurin teburin Misa, ya zo har bencinsu.

"Baba, baƙi ne ku?"

"Baƙi ne, Fada. Hanya ce ta rufe. In na dame ku ne, sai in rage."

"A'a. Waɗannan da ka gani mutanena ne, kurame ne. Tun da aka turo ni nan suke zuwa kowace Lahadi, ban taɓa iya ce musu komai ba sai murmushi. Don Allah ka zo gaba ka tsaya inda za su gan ka."

 Tsawa da ya taɓa yin waƙa a gaban bishop bai ji ɗar ba, yanzu yana shakkar fita gaba. Ya dubi Auta. Ta yi masa alama ɗaya, irin wadda shi ya fara iyawa: zo. Ta riga shi tashi, ta ja tsofaffin zuwa bencin gaba, ta zaunar da su, ta zauna a tsakiyarsu.

Ya tsaya a gefen bagade, cikin rigar sanyinsa mai kwalar gashi. Karatu na farko ya tafi daidai. Bishara ma ya san ta, labarin masu kamun kifi ne da suka bar tarunsu, sai ya ja tarun da dukan jikinsa har tsohon ya gyaɗa kai. Wa'azi ne ya ba shi wuya. Fada ya ɗauko wata doguwar magana a kan alheri, Tsawa ya bi shi, ya bi shi, ya ɓace a tsakiya, hannu a sama. Gumi ya karyo masa duk da sanyin. Sai ya ga Auta ta ɗaga hannu a hankali daga benci. Ta kalli inda ya tsaya, ta gane inda maganar ta nufa, ta ba shi kalmar. Ya cafke ya ci gaba. Ya sake ɓacewa, ta sake ba shi. A wani wurin ya yi kuskuren da ya sa saurayin gidan burodi ya toshe baki, tsohuwar ta ɗan bugi saurayin a cinya. Fada da ya lura sai ya rage gudu, yana yin jimla yana jira.

Da aka zo tsarkake gurasa, cocin ya yi tsit. Fada ya faɗi kalmomin Yesu, "Wannan jikina ne da za a bayar domin ku." Tsawa ya yi alamar jiki, ya yi alamar bayarwa, ya nuna su: domin ku. Tsohon ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Tsawa bai san lokacin da nasa idon ya cika ba, kuma ba damar sharewa, hannun yana aiki.

Bayan an tashi aka kewaye su a wajen murhu. Tsohon, ashe mai gyaran takalma ne, ya kama hannun Tsawa ya juya shi yana duba tsagar siminti, sannan ya nuna masa nasa mai tabon zare da basilla, suka yi dariya. Tsohuwar ta yi ta magana da Auta da sauri, har Tsawa ya kasa bi.

"Me take cewa?" ya tambayi 'yarsa da hannu.

Auta ta maimaita masa a hankali. Tsohuwar ta ce tun tana budurwa take zuwa Misa, ta san lokacin tashi da lokacin durƙusawa, amma sai yau ta san cewa akwai labari a ciki. Ta kuma tambaya ko waɗancan masuntan sun koma sun ɗauki tarunsu, don taru ba abin yarwa ba ne.

Fada ya ce su tsaya su sha shayi a gidansa. A nan ya roƙi Auta ta koya masa ko da gaisuwar salama ce, ya ajiye kofi ya miƙo hannuwa kamar ɗan makaranta. Tsawa yana gefe yana kallo, ƙirji a buɗe.

"'Yata ce," ya ce wa mai dafa wa Fada abinci, wadda ba ta tambaye shi ba. "Ita ta koya mini. Duk abin da kika gani na yi, nata ne."

"Baban Auta, shayinka zai huce," in ji matarsa.

Da rana aka buɗe hanya. Suka isa gidan ɗansu, aka yi baftisma a cikin makon. Da Fadan can ya yi wa uwar baftisma tambayoyin bangaskiya, Auta ta miƙa jaririyar ga mahaifiyarta, ta amsa da hannu biyu, ubanta yana faɗa da baki a madadinta. Babban ɗan ya ce bai taɓa ganin ubansu yana tafiya a hankali a kan kalma kamar ranar ba.

Tun daga wannan shekarar garin mai gidan burodi ya shiga cikin hanyarsu. Ko ba a rufe tsauni ba, sai sun tsara tafiyar yadda Lahadi ɗaya za ta same su a can, kuma bencin gaba yana ƙara cika, don labari ya kai ƙauyukan kewaye. Da suka koma gida kuwa, Tsawa ya je ya samu nasu Fadan ya ce ai a unguwarsu ma ba za a rasa irin waɗannan mutane ba, ba a dai neme su ba ne. Aka nema, aka samu. Yanzu Auta ce ke koya wa yaran kurame katikisma ranar Asabar, shi kuma yana fassara Misar farko, ya koma wajen mawaƙa a ta biyu.

Da aka ga na baya ba sa hango hannunsa sosai, sai ya kawo bulo da siminti ya gina ɗan dandamali a gefen bagade, ya shafe shi sumul, ya zagaye bakinsa don kada yaro ya yi tuntuɓe. Ranar da ya bushe ya kira Auta ta gwada. Ta hau, ta taka nan, ta taka can, ta ɓata fuska, ta ce masa ya karkace.

"Ginin da ni na yi?" ya ce da hannu, har da bugun ƙirji.

Ya fita da sauri ya ɗauko ma'auninsa a mota, ya durƙusa ya ɗora, ya juya shi ta kowace kusurwa. Ginin daidai yake. Ya ɗago kai zai yi magana, ya same ta tana tsaye a sama, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa.